Lambar da Ke Bangon Mai Gawayi

Mikail yana durƙushe yana cika wa wata mata ledar gawayi sai inuwar mutum uku ta faɗo kan buhunsa. Bai ɗago ba sai da ya ƙulle bakin ledar. Ƙafafu ya fara gani, sannan gorori, sannan adda ɗaya a rataye. 'Yan gora ne, samarin da suka ɗauki sanduna suna farautar 'yan Boko Haram gida-gida tun da abin ya ishi gari. Na tsakiyar shi ne shugabansu a wannan layin na Galtimari, Taufiq, wanda kafin rikici faci yake yi a bakin titi.

Matar ta fizgi gawayinta ta yi gaba, ko waiwaye babu.

"Mai gawayi, rufe buhunka," in ji Taufiq. "Gida za mu je."

"Lafiya dai ko?"

"In mun je ma gani."

Suka sa shi a tsakiya. Mai shayin da suke gaisawa kullum ya sunkuya yana wanke kofin da ya riga ya wanke. Mikail ya riƙa lissafa mutanen layin ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya ɓata wa, bai samu ba, kuma hakan bai kwantar masa da hankali ba. A Maiduguri ta lokacin ba sai ka yi laifi ba. Ya isa a nuna ka da yatsa. In 'yan gora suka gamsu sai su kira motar sojoji, wanda motar ta ɗauka kuwa ba kowa ke dawowa ba.

Ga shi kuma yana da abin ɓoyewa, ko da yake ba irin wanda suke nema ba. Mikail ba mai gawayi ba ne. Malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati, har zuwa safiyar da aka harbe abokin aikinsa Malam Thomas a ƙofar makaranta, a shekarar da ake bin malaman boko ana kashewa. A satin matarsa Siddiƙa ta kwashe su daga Gwange zuwa wannan gidan haya inda ba wanda ya san su. Ta sayar da rigunansa na aiki, ta sa shi ya bar gemu ya yi buzu-buzu, ta kuma sa shi ya rantse cewa ko a mafarki ba zai ce shi malami ba ne. Gawayi kuwa ya karɓe shi. Baƙin ya shiga farcensa ya zauna, har shi kansa wani lokaci yakan ga hannunsa ya ɗauka na wani ne.

Tsakar gidan ta cika maƙil. Ban da 'yan haya akwai maƙwabta, akwai masu wucewa da suka ga taro suka shigo, har da wani mai moya, wato mai tallan ruwa, da ya jingine kurar jarkokinsa a ƙofa ya zo kallo. Mai gidan, tsoho Ba'ana, yana zaune a kujerar roba yana jan carbi da sauri, don ya san in aka kama ɗan tada ƙayar baya a gidanka, kai da gidan duk kun shiga uku. Siddiƙa tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsu, hannunta ɗaya riƙe da labule.

Ba ɗakin aka nufa da shi ba. Lungun bayan ɗakin aka kai shi, inda yake jera buhuna. An riga an janye buhunan gefe, bangon ya fito fili.

A sama, da gawayi, da kyakkyawan rubutun da ba na mai gawayi ba, an rubuta:

8589869056

A ƙarƙashinta kuma layi biyu ne na lambobi, sun gangaro har kusa da ƙasa.

"Ni na kira su," wata murya ta ce. Rhoda ce, mai ɗakin da ke kallon nasu, wadda ke saƙa a gida tana kai wa Kasuwar Kwastam. "Ba zan ɓoye ba. Kazata ce ta shiga lungun, na bi ta, na gani. Maigidana ma maƙwabci ne ya nuna shi aka kashe, maƙwabcin da nake zuba wa tuwo da hannuna. Shi ma maƙwabcin kamar wannan yake, ba ya magana, ba ya zama cikin mutane."

Ba wanda ya ga laifinta. Mikail ma bai gani ba.

Taufiq ya ɗora bakin gorarsa a kan lambar sama, ya bi ta ɗaya-ɗaya. "Guda goma. Ka sa sifiri a gaba, sha ɗaya ke nan. Lambar waya ce. Mun kira, ba ta shiga, wato ba layin ƙasar nan ba ne. Ko na Chadi, ko irin wayar dajin nan da aka hana. Ta wace ce?"

"Ba lambar waya ba ce."

"To ta mece ce? Waɗannan na ƙasa fa? Ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida, kullum ana ninkawa. Mutane ne kuke tarawa ko harsasai?"

"Wasa ne kawai. In ba ciniki nakan yi zane-zane."

"A bayan buhu ake wasa? Cire rigarka."

Ya cire. Wani ɗan gora gajere mai suna Bala ya zagaya ya danna kafaɗarsa ta dama da babban yatsa. Haka suke yi, suna neman kantar da igiyar bindiga ke bari. Suka kuwa samu, baƙa, mai tauri. Tsakar gida ta ɗauki guna-guni.

"Buhu ne," in ji Mikail. "Ku duba kafaɗar duk mai ɗaukar buhu."

"Kowa haka yake cewa," Bala ya ce.

Gaskiyar magana, abin ya fi ƙarfin bayani ga mai hankali. Wasu in sun ji harbi carbi suke ɗauka, wasu rediyo. Shi Mikail hannunsa ne ke ƙaiƙayi. Wannan lambar ita ce yake ba 'yan ajin ƙarshe kowace shekara bayan sun gama jarrabawa, su yi ta fama da ita suna tsine masa a zuci. Da kewar allo ta ishe shi sai ya shiga lungu ya rubuta ta, ya riƙa tara 'ya'yanta, wato lambobin da ke raba ta, a hankali, don ita kaɗai ce abin da ya sani a garin nan da in ka tara yake fitowa daidai. Ya yi niyyar gogewa. Kullum sai ya ce gobe.

Ya sa rigarsa, ya tsinci guntun gawayi a ƙasa. Ya yi ƙoƙari ya yi magana kamar mai gawayi, a daddatse, kai a ƙasa.

"Ka ga shida? Me ke raba shida ba saura? Ɗaya, biyu, uku. Tara su."

"Shida," wani ya ce daga cikin taro.

"To. Ta dawo kanta. Gwada takwas: ɗaya, biyu, huɗu, bakwai ke nan, ta gaza. Gwada sha biyu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida, sha shida ke nan, ta yi yawa. Yawancin lambobi haka suke, ko su gaza ko su wuce. Wadda ta dawo kanta cif ita ake ce wa kammalalliya. Shida ce ta farko. Ashirin da takwas ta biyu. Daga nan sai ɗari huɗu da casa'in da shida, sai dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas, sai wata mai miliyan talatin da uku da ɗoriya. Wannan ta bango ita ce ta shida. Biliyan takwas ce da rabi da 'yan kai. Na ƙasan nan su ne masu raba ta."

Taufiq ya ciro wayarsa.

"Yawwa, buɗe wajen lissafi," in ji Mikail. "Rubuta ta, ka raba biyu. Za ka ga huɗu, biyu, tara, huɗu, tara, uku, huɗu, biyar, biyu, takwas."

Taufiq ya danna, ya kalli waya, ya kalle shi. Bala ya leƙa ta kafaɗarsa ya ce, "Wallahi haka ne."

"Ci gaba da rabawa. Cika ce ba mara ba, za ta yi ta rabuwa biyu har sau goma sha shida. Sannan ka tsaya a kan ɗaya, uku, ɗaya, sifiri, bakwai, ɗaya. Wannan kam mai taurin kai ce, ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, ko ka kwana kana gwadawa."

A nan ne ya kamata ya yi shiru. Amma wanda ya daɗe bai ci ba ba ya tsayawa a loma biyu. Kafaɗunsa suka miƙe ba da saninsa ba. Ya juya gefe yadda ba zai tare wa kowa bango ba, ya ja layi a ƙarƙashin rukunin farko, ya nuna musu cewa lambobin rukunin, daga ɗaya zuwa dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da shida, in an tara, mai taurin kan nan ce ke fitowa. Ya ce in da lemo ne, za a iya jera ta yadda 'yan kasuwa ke yi, ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, uku a ƙasan biyu, har a gangara, ba ko ɗaya da zai yi saura. Ya ce duk kammalallun da aka taɓa samu cika ne, kuma har yau duniya ba ta san ko akwai mara a cikinsu ba, ba a samu ba, ba a kuma iya tabbatar da cewa babu ba. Muryarsa ta cika lungun ta fito tsakar gida. Wasu mutum biyu a baya suka fara 'yar hira, sai ya tsaya cak, ya nuna su da gawayin.

"Kai na baya, me na ce yanzu?"

Mutumin ya yi tsuru-tsuru. Wata mata ta yi dariya ta toshe baki. Mikail ya dubi ƙofar ɗakinsu, ya ga Siddiƙa ta rufe ido.

Taufiq bai yi dariya ba. Ya mayar da wayar aljihu a hankali.

"Na yarda ba lambar waya ba ce," ya ce. "Amma yanzu ka ƙara min tsoro. Mutum ya san wannan a kansa, ya zo ya zauna cikinmu yana auna gawayi? Masu haɗa bam ma lissafi suke yi. Wanda muka kama kwanaki har jami'a ya yi, shi ma ruwan leda yake sayarwa. Wane ne kai?"

"Mu shiga ɗaki mu biyu, in faɗa maka."

"Mu ba ma shiga ɗaki da wanda ake tuhuma. Gobe a ce ka saye ni. Abin da za a faɗa a gaban jama'a ake faɗa, haka muka yi rantsuwa. Ko ka faɗa a nan, ko ka faɗa a can. Bala, kira mota."

"Taufiq, yarona, a bi a hankali," in ji Ba'ana daga kujerarsa. "Mutumin nan bai taɓa tsallake sallar asuba ba."

"Baba, su ma ba sa tsallakewa."

Bala ya fara neman lamba a wayarsa. Mikail ya dubi taron. Ya san Rhoda, ya san Ba'ana, ya san telan layin da matarsa. Sauran fa? Ga wani mai shuɗiyar hula a jikin rijiya, hannu a aljihu. Ga mai moya, wanda ke shiga kowane gida a unguwar ba wanda ke tambayarsa. Ga wasu samari biyu a kan katanga. Kowa ya san mutanen daji suna da kunnuwa a gari, kunnuwan kuma ba su da alama. In ya yi shiru, mota. In ya yi magana, bai san wa zai ji ba. Tsoro ya kama shi sosai. Siddiƙa ta girgiza masa kai sau ɗaya, sannan ita ma ta dubi wayar da ke hannun Bala, ta daina girgizawa.

"Ni malamin makaranta ne," ya ce. "Lissafi nake koyarwa."

"Ɗaga murya."

Ya ɗaga. Taufiq ya tambayi sunan makarantar, ya faɗa. Ya tambayi unguwar da ya baro, ya faɗa. Ya tambayi cikakken sunansa, har da na mahaifinsa, ya faɗa. Kowace amsa tana fita yana jin kamar tufafinsa ake cirewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙanwata Turai a can ta gama," in ji Bala. Ya fasa kiran mota ya kira ta, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, kamar yadda ƙa'idarsu take. Ya tambaye ta ko ta san wani Malam Mikail.

"Mai lissafi? Dogo, mai tabo a gira?" Muryar ta fito tar a tsakar gida. "Malam Kun-Gane ke nan. Yana raye? An ce mana ya gudu Kano. Shi ne mai ba mu wata lamba mai tsawon tsiya mu tara 'ya'yanta. Yaya, a ina ka gan shi?"

"A nan Galtimari, gidan Baba Ba'ana. Gawayi yake sayarwa."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Ba'ana ya yi hamdala ya saki carbi. Taufiq ya miƙa wa Mikail hannu biyu, ya ba shi haƙuri, da gaske kuma yake, don idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce shi aji uku ya bar makaranta, kuma har gobe yana jin ciwon abin. Sannan ya juya ga jama'a ya ɗaga gorarsa.

"Kowa ya ji. Wannan ticha ne, kuma tichanmu ne. Duk wanda ya taɓa shi ya taɓa mu."

Mikail ya yi godiya. Me zai ce? Yaron da zuciya ɗaya yake yi.

Taro ya watse a hankali. Kowa sai ya biyo ta gabansa. Tela ya ce, "Sannu, Ticha, ashe da babban mutum muke zaune." Wata tsohuwa ta gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Ticha," ta ce za ta turo jikokinta tun da makarantu a rufe suke. Mai moya ma ya ce sannu Ticha. Mai shuɗiyar hular bai ce komai ba, ya dai tsaya ya ƙare wa bangon kallo, ya fita. Tun kafin tsakar gida ta gama yin fili Mikail ya jiyo labarin ya kai bakin titi, ana ba mai shayi, ana maimaita sunan makarantar.

Da ya shiga ɗaki ya tarar Siddiƙa ta shimfiɗa zani a ƙasa tana zuba kaya a kai.

"Sun wanke ni fa," ya ce.

"Na ji. Ina wurin."

"Taufiq ya ce za su tsare mu."

"Taufiq a ƙofarmu zai riƙa kwana? Malam, mutum nawa ne a tsakar gidan nan ɗazu?"

"Ban ƙirga ba."

"Nawa ka sani a ciki?"

Ta ƙulle bakin zanin da ƙarfi, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ban ce ka yi laifi da ka faɗa ba. Da ka shiga motar nan da na haukace. Amma bango, Malam? Na raba ka da riga, na raba ka da alli, ashe sai na raba ka da hannu."

"Ki yafe min."

"Na yafe. Miƙo tukunyar can. Yayata tana Jos, can za mu in mun samu motar safe."

Aka ɗaga labule. Rhoda ce, ba ta ko yi sallama ba. Ta tsaya tana kallon ƙullin kaya, sannan ta durƙusa a bakin ƙofa. Ban da Siddiƙa, ita kaɗai ce a cikin taron da ba ta yi dariya ba ɗazu, don ta san abin da ake yi wa wanda aka san sunansa da aikinsa.

"Baban gida, na kashe ka da bakina," ta ce.

"Ba ki yi komai ba, Maman Agnes. Ko ni ne na gani a bangon wani, da na kira su."

Ta ja buhun kwanuka ta fara jera su ciki, tana sa tsumma a tsakani don kada su yi ƙara. Su uku suka ci gaba da aiki. Rana ta yi sanyi, an kusa fara dokar hana fita, layin ya soma yin shiru.

Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Muryar namiji ce, a natse, ba wadda suka sani ba.

"Salamu alaikum. Don Allah Ticha yana ciki?"

Mikail ya miƙe. Siddiƙa ta riƙe masa gefen riga. Mai yiwuwa uba ne da ya ji labari ya zo neman wanda zai koya wa 'ya'yansa. Mai yiwuwa ne ƙwarai. Rhoda ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta gyara ɗankwali, ta fita tsakar gida ta tsaya inda ba za a hango ɗakin ba.

"Wa'alaikumus salam. Ba ya nan, ya fita tun ɗazu."

"Ba komai, Mama," in ji muryar, cikin ladabi. "Zan jira shi."